Babur ɗin katako na 1885 da marayan da ya zana injinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan hoton da kuka buga kwanakin baya na babur ɗin katakon nan da aka ƙera a Jamus a 1885. A ƙarƙashin hoton kun rubuta cewa shi ne babur na farko a duniya, kuma Gottlieb Daimler ne ya ƙera shi. Ba ƙarya kuka faɗa ba, sai dai maganar ta fi ƙarfin layi biyu, kuma akwai sunan da ya kamata ya fito tare da na Daimler bai fito ba, wato Wilhelm Maybach. Ni makaniken babur ne, a wannan sana'a furfura ta same ni, kuma tarihin wannan inji yana cikin abubuwan da na daɗe ina bibiya saboda ƙaunar da nake yi masa.

Wanda ya kalli hoton, katako zai fara gani, da ƙafafu masu da'irar ƙarfe, da sirdin fata irin na doki. Duk waɗannan ba su ne suka ba masu aikin wahala ba, kowane kafinta mai haɗa keken doki a garinsu zai iya yin su. Abin da ya ci musu shekaru shi ne ɗan injin da ke tsaye tsakanin ƙafafun mahayi.

Kafin a gane darajarsa sai an san irin injin da ake da shi a lokacin. A 1876 Nikolaus Otto ya fito da inji mai bugu huɗu a masana'antar Deutz da ke kusa da birnin Kolon: fistan ya sauka ya zuƙo iska da makamashi, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan tsari shi ne har gobe a cikin kowane babur mai baƙin mai a ƙasan inji. Amma injin Otto ƙato ne, ana kafe shi a ƙasa a cikin masana'anta, yana shan gas ɗin kwal da ake rabawa ta bututu a birane, kuma juyinsa bai wuce kamar 180 a minti ɗaya ba. Dalilin wannan nawa kuwa yana wajen kunna wutar. Wani faifan ƙarfe ne ke zamewa gaba da baya, ya ɗauko harshen wuta daga waje ya kai shi cikin silinda. In aka ce inji ya ƙara gudu, faifan ba zai iya kai wutar a kan lokaci ba.

Daimler shi ne shugaban sashen fasaha a wannan masana'anta tun 1872, Maybach kuma shi ne babban mai zana injinan, saboda haka sun san injin Otto ciki da waje. Lissafinsu mai sauƙin faɗa ne: ƙarfin inji yana fitowa daga ƙarfin bugu ɗaya da kuma yawan bugun da aka yi a minti. In kana son ƙaramin inji marar nauyi wanda za a ɗora a kan abin hawa, to ba ka da babban bugu, dole ka rama da yawan juyi. Kuma dole ya rabu da bututun gas, ya riƙa tafiya da makamashinsa a tanki. Zama tsakanin Daimler da Otto ya ƙi daɗi, a 1882 Daimler ya bar Deutz ya koma Cannstatt kusa da Stuttgart, ya sayi gida mai lambu, Maybach ya bi shi. A cikin lambun akwai wani ɗakin gilashi da ake rainon tsirrai, sai suka yi masa ƙarin gini suka mai da shi wurin aiki. Sun riƙa aiki dare da rana a ɓoye don kada a sace musu dabara, har ƙarar guduma da ta ƙarfe ta sa aka yi zargin kuɗin jabu suke bugawa. 'Yan sanda suka shiga da dare, suka tarar ba komai sai kayan aiki da sassan inji.

Maganin da suka samo wa matsalar wuta shi ne ya fi burge ni, don babu waya a cikinsa, babu batir, babu filogi. Wani ɗan siririn bututu ne da aka toshe bakinsa na waje, bakinsa na ciki kuma yana buɗe zuwa kan silinda. Daga waje sai a kunna masa 'yar fitila mai hura wuta har ya yi jajir kamar ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta. Idan fistan ya hau yana matse iska da fetur, matsin ne zai tura wani kaso nasu cikin bututun, suna taɓa wurin da ya yi ja sai su kama, wutar ta dawo cikin silinda ta buga fistan. Ka ga ke nan matsin da injin ya yi da kansa shi ke zaɓar lokacin tashin wuta, babu wani ƙarfe da zai yi ta kai da kawowa. Asalin tunanin ba daga kansu ya fara ba, Maybach ya yi ta bin takardun rajistar ƙirƙire-ƙirƙiren wasu har ya ci karo da shi a aikin wani mutumin Ingila, amma su ne suka sa shi ya yi aiki a inji mai sauri. A Disamba 1883 Daimler ya yi rajistar wannan dabara, kuma injin gwajin da suka yi ya kai juyi 600 a minti, ninki uku na abin da aka saba gani.

Dabarar tana da aibinta, kuma duk makanike zai hango shi. Ba za ka iya gyara taimin yadda kake so ba, sai dai ka canza tsawon bututun ko ka matsar da inda wutar ke dukansa. Iska mai ƙarfi tana iya kashe fitilar a tsakiyar hanya. Kafin ka tayar da inji sai ka kunna wuta ka jira bututu ya yi ja, sannan ka juya hannu. Uwa uba, ga wuta a fili kusa da fetur. Shi ya sa ba ta daɗe ba. Robert Bosch, wanda shi ma a Stuttgart ya buɗe ɗan shagonsa a 1886, ya zo da magineto, wato na'urar da ke samar da tartsatsin lantarki daga juyin inji, kuma zuwa 1902 kamfaninsa ya fito da mai ƙarfin wuta da ke aiki da filogi, daga nan bututun wuta ya zama tarihi. Amma shi ne tsanin da aka taka aka hau.

Sai maganar bawul. Na shigar iska ba abin da ke tura shi, sifirin ne mai laushi ke riƙe da shi, in fistan ya sauka zuƙar da ya yi ce ke buɗe shi, in ya juyo sama ya rufe da kansa. Na fitar hayaƙi kuwa dole a tura shi, kuma sau ɗaya tak a kowane juyi biyu na inji. Mu a yau kamshaf ke yin wannan aiki, da giya ko sarƙar taimin da ke rage juyi zuwa rabi. Su ba su sa ko ɗaya ba. Sai suka sassaƙa wata siririyar hanya mai ɗan zurfi a fuskar filawil, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa da inji. Hanyar tana zagayawa sau biyu tana gicciye kanta kafin ta koma inda ta fara. Wani ɗan ƙarfe yana bin wannan hanya, a zagaye ɗaya ya zauna lafiya, a na biyu hanyar ta ɗaga shi ya tura sandar da ke buɗe bawul. Na daɗe ina kallon zanen wannan abu kafin ya zauna mini a kai, kuma har yau ina ganin wanda ya yi tunaninsa ba ƙaramin mai basira ba ne.

Makamashin da suka zaɓa wani mai ne marar nauyi daga dangin fetur, wanda a lokacin a kantin magani ake sayensa don cire dauɗa daga tufafi, tun da babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Kafiretarsu ma ba ta fesa mai yadda tamu ke yi. Gwangwani ne da mai a ciki, iska ta ratsa ta cikin man ta kwaso tururinsa ta wuce da shi silinda. Matsalar ita ce ɓangaren man mai saurin tashi shi ke fara ƙarewa, a bar mai nauyi a ƙasa, inji ya fara shaƙewa. Maybach ne dai ya dawo kan wannan matsala a 1893 ya fito da kafireta mai ɗan ƙaramin rami da ke fesa mai cikin iska, da fulot mai daidaita yawan man. Duk yaron gareji da ya taɓa kwance kafireta ya hura jet ya duba fulot, aikin Maybach ya riƙe a hannunsa, ko ya san sunan ko bai sani ba.

A Afrilu 1885 aka yi rajistar injin da ya haɗa waɗannan abubuwa duka. Silinda ɗaya ce a tsaye, a kan wani rufaffen gida mai kama da ganga, shi ya sa suka yi masa laƙabi da agogon tsaye. Wannan rufaffen gida ma babban ci gaba ne. Injinan masana'anta a buɗe suke, ana ganin sandar fistan tana shiga tana fita, mutum yana bi da butar mai yana ɗiga mata. Abin da zai bi hanya cikin ƙura ba zai rayu a haka ba. Sai suka kulle filawil da kiranshaf a cikin akwati ɗaya da mai ba ya fita, ƙura ba ta shiga. In ka buɗe injin babur mai silinda ɗaya a yau, tsarin da za ka tarar ke nan.

Ga alƙaluman, don masu sana'a irina su auna. Faɗin silindar milimita 58, tafiyar fistan milimita 100, jimla 264cc. Ƙarfinsa rabin ƙarfin doki a juyi 600. Yanzu ɗauki injin Honda CG125, wanda aka fito da shi a 1975, wanda kuma kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayonsa har irinsa ya cika titunanmu. Faɗin silindarsa milimita 56.5, kusan daidai da na Daimler, amma tafiyar fistansa milimita 49.5 ce, rabin waccan. Cikinsa bai kai rabin na 1885 ba, amma yana ba da ƙarfin doki wajen 10, saboda yana juyi sama da 8,000 a minti. Hanyar da mutanen nan biyu suka hango a ɗakin lambu, wato rage girma a ƙara juyi, ita aka yi ta bi shekara da shekaru har aka iso nan.

Da inji ya samu, sai neman abin da za a gwada shi a kai. Rabin ƙarfin doki ba zai ja keken doki da mutane a ciki ba, saboda haka suka haɗa abu mafi sauƙi da arha da zai ɗauki mutum ɗaya. An yi masa rajista ranar 29 ga Agusta 1885, kuma sunan da aka san shi da shi shi ne Reitwagen. Nauyinsa kilo 90. Bel ne ke ɗaukar juyi daga inji, akwai kuma wata 'yar ƙafa da ake matse bel ɗin da ita ko a sake shi, ita ce a matsayin kuloci. Yana da gudu iri biyu, wajen kilomita 6 da kilomita 12 a awa, amma in za ka canza sai ka tsaya cak ka mai da bel da hannu. Tayar roba mai iska ba ta zo ba tukuna, sai a 1888 Dunlop ya fito da tasa, don haka ƙarfe ne ke dukan duwatsun titi kai tsaye, babu sifirin da zai sassauta wa bayan mahayi.

Akwai kuma wasu ƙananan ƙafafu biyu, ɗaya a kowane gefe, da ke hana shi faɗuwa. Dalilinsu yana wajen ƙafar gaba. A babur na yau cokalin gaba a kishingiɗe yake kaɗan, wannan ne ke sa ƙafar ta riƙa miƙe kanta in ana tafiya, mahayi kuma ya kwanta da babur a kwana. Na Daimler a miƙe yake sak, ba ya daidaita kansa, ga sirdin can sama inda ƙafar mutum ba ta isa ƙasa da sauƙi. Wannan ya nuna maka cewa hankalinsu ba a kan hawan ƙafa biyu yake ba. A Nuwamba 1885 ɗaya daga cikin 'ya'yan Daimler, yana saurayi, ya hau shi daga Cannstatt zuwa Untertürkheim, tafiyar kamar kilomita 3, ya dawo. Ana ba da labarin cewa sirdin ya kama da wuta a hanya, kuma wanda ya san inda fitilar bututun take, daidai ƙarƙashin mazaunin mahayi, ba zai yi mamaki ba.

Daga wannan gwaji Daimler bai sake ƙera babur ba. Abin da yake son sani ya sani: injin zai iya tafiyar da kansa da mutum a kan hanya. A 1886 suka sa wanda ya fi shi girma a keken doki mai ƙafa huɗu, suka sa wani a kwalekwale a kogin Neckar. A shekarar ce kuma Carl Benz a Mannheim ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, shi kuma da wutar lantarki yake kunna nasa injin. Shi Reitwagen na asali ya ƙone a gobarar da ta cinye masana'antar Daimler ta Cannstatt a 1903. Duk wanda ake gani yau a gidan tarihin Mercedes-Benz a Stuttgart ko a Deutsches Museum a Munik, kwaikwayo ne aka sake ƙerawa, kuma hoton da kuka buga ma na irin waɗannan ne in dai mai launi ne.

Game da cewa shi ne na farko, akwai masu ja. Tun wajen ƙarshen shekarun 1860 an yi kekuna masu tafiya da tururi, na Michaux da Perreaux a Faransa da na Roper a Amurka. Wasu kuma suna cewa abu mai ƙafa huɗu a ƙasa ba babur ba ne. Babur na farko da aka ƙera da yawa aka kai kasuwa shi ne Hildebrand da Wolfmüller na Munik a 1894, mai silinda biyu. A ganina duk wannan bai rage wa na 1885 komai ba. Tururi bai haifi komai a zuriyar babur ba, reshe ne da ya bushe. Injin fetur mai silinda ɗaya, mai bugu huɗu, mai saurin juyi, mai rufaffen ciki, shi ne ya yi jikoki, kuma a Cannstatt aka fara ɗora shi tsakanin ƙafar gaba da ta baya.

Yanzu bari in zo kan mutumin da na ce an bar sunansa. An haifi Wilhelm Maybach a Heilbronn a 1846, ɗan kafinta. Tun yana yaro uwa da uba suka rasu, aka rasa mai ɗaukar nauyinsa, har wani malamin addini mai suna Gustav Werner ya karɓe shi a gidan marayun da ya kafa a Reutlingen, wanda ake kira Bruderhaus. Wannan gida bai tsaya ga ciyar da yara da tufatar da su ba, yana da masana'antar ƙera injina tasa. Da aka lura yaron yana da hannun zane, sai aka sa shi a ofishin zanen injina, aka haɗa masa da darasin lissafi da kimiyya. A nan Daimler, wanda aka ɗauka ya shugabanci masana'antar, ya gan shi a tsakiyar shekarun 1860, ya riƙe shi, kuma ba su rabu ba a aiki sai ɗan abin da ba a rasa ba, har Daimler ya rasu a 1900. Shi kansa Daimler ɗan mai gasa burodi ne daga Schorndorf, da koyon ƙera bindiga ya fara kafin ya shiga makarantar fasaha a Stuttgart. Ba na rage masa daraja: shi ne mai hangen nesa, shi ne ya zuba dukiyarsa, da sunansa aka yi rajistar injin da babur ɗin. Amma mai zama da takarda da fensir ya fitar da kaurin kowane ƙarfe da faɗin kowane rami, ya gwada ya ga bai yi ba ya sake, Maybach ne. Shi ne kuma ya zana motar Mercedes ta farko da ta fito a 1901, har Faransawa suka riƙa kiransa sarkin masu zana injina.

Wannan ɓangare na labarin shi ke taɓa mini zuciya, don yaran da ake kawo mana gareji da yawansu irin Maybach ne, marayu ko 'ya'yan marasa hali. Allah ya sani suna da kai. Akwai yaron da zai saurari inji daga nesa ya ce maka ringi ne ko bawul, ka buɗe ka tarar haka ne. Amma ka ce ya zana maka fistan da ma'auninsa a takarda, ko ya karanta abin awo ya faɗa maka silinda ta ci da kashi nawa na milimita, sai ya tsaya yana kallonka, don ba wanda ya taɓa nuna masa. Mu iyayen gidansu da yawanmu haka muka taso, kwancewa da ɗaurawa muka gada. Mai kwancewa da ɗaurawa zai iya rayar da injin wani har tsawon shekaru, amma ba zai iya kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe takarda ya ce yi mini kaza ba. Abin da Bruderhaus ta ƙara wa Maybach a kan basirar da Allah ya ba shi ke nan, zane da awo da lissafi, kuma ba abu ne mai tsada ba.

A garejina na ware yammacin Asabar, in aiki ya lafa, muna zama da yara da takarda da fensir da abin awo, kowa ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya auna ya zana. Abin da na sani kaɗan ne, inda ilimina ya tsaya nan nasu zai tsaya. Shi ya sa nake kira ta wannan jarida ga shugabannin kwalejojin fasaha na jihohinmu da ƙungiyoyin makanikai, su zauna su tsara ajin yamma na zanen injina da awo domin yaran gareji, da Hausa, ba tare da an tambaye su takardar sakandare ba, a kuma sa kuɗin da mai gareji zai iya biya wa yaransa. Azuzuwan kwalejojin nan a rufe suke daga la'asar, allo da tebura suna nan, malaman zane ma suna nan. In aka buɗe, ni zan fara kai nawa yaran, kuma zan nemi kujera a bayansu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani makaniken babur,
daga Zariya.